Kare Tankin Mai Da Tiyo Daga Zafin Salansa A Motocin Da Ake Gina Wa Bodi A Gida

Yawancin motocin da ke ɗaukar amfanin gona, dabbobi da ruwan sha a yankunan karkara ba a siffar da muke ganinsu suka fito daga kamfani ba. Kan mota da shasi ake saye, sau da yawa na hannu, sa'an nan a kai wa masu walda da kafintoci su gina bodi gwargwadon aikin da mai ita yake nufi. Wani ya sa a ƙara wa shasi tsawo domin ta ɗauki buhuna da yawa, wani ya sa a ɗora tankin ruwa, wani kuma ya cire injin fetur ya sa na dizal. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san gwanintar da ke cikin wannan sana'a, kuma ƙananan hukumomi su ma sukan bi wannan hanya idan za su samar da motar ruwa, motar kwasar shara ko motar kai marasa lafiya asibiti.

An shirya wannan bayani ne a kan wani ɓangare na aikin da ba a cika kula da shi ba, domin yana ƙarƙashin mota inda ido ba ya zuwa, wato zaman da ke tsakanin salansa da hanyar da mai yake bi daga tanki zuwa inji. Mai mota yakan duba fenti da ƙarfin ƙofa da kyan rubutun da aka yi a bayan bodi, ya biya kuɗi ya tafi. Amma gobarar da za ta iya cin motar da lodinta bayan shekara guda, sau da yawa a ranar da aka gina bodin aka shirya ta, lokacin da wani ya matsar da tiyon mai kusa da salansa domin ya sami wurin ɗaura ƙarfe.

Abin da kamfani ya tsara, da abin da gyara yake rushewa

Kamfanin da ya ƙera mota yakan raba zafi da mai ta hanyoyi uku. Yakan bi da salansa ta gefe ɗaya na shasi, bututun mai kuma ta ɗaya gefen. Inda dole su kusanci juna yakan sa siririn faifan ƙarfe a tsakani. Sa'an nan yakan bar sarari domin iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi yayin da mota take tafiya. Ginin bodi yakan taɓa dukkan ukun. Idan aka ƙara tsawon shasi dole a ƙara tsawon salansa da na bututun mai, kuma mai walda yakan bi da su ta inda ya fi sauƙi. Idan aka sauya inji, bakin salansar sabon injin yana iya faɗowa a gefen da bututun mai yake. Faifan ƙarfen nan kuwa shi ne abu na farko da ake cirewa a yar, domin idan kusoshinsa suka saki yakan dami direba da ƙara, kuma mutane da yawa sun ɗauka ba shi da wani aiki. Daga ƙarshe sai a rufe gefen mota da akwatin kayan aiki da allunan ado har ƙasa, iska ta rasa hanya.

Ya kamata a san girman zafin da ake magana a kai. Dukkan alƙaluman da za a ambata a ma'aunin Salshiyas ne, wanda ruwa yake tafasa a digiri 100 a cikinsa. Hayaƙin da ke fitowa daga injin dizal mai jan kaya yakan kai digiri 500 zuwa 700, na injin fetur kuma yakan wuce 800 idan an taka shi sosai. Manifol, wato ƙarfen da ke tara hayaƙi a jikin inji, da turbo da farkon bututun salansa su ne suka fi ɗaukar wannan zafi. Ƙarfe ba ya fara yin ja sai ya wuce digiri 500, shi ma sai a cikin duhu ake gani. Ma'ana, bututun da ke kan digiri 400 da wanda ya kwana a sanyi kamanninsu ɗaya a ido.

A ɗaya ɓangaren, tiyon mai na roba mai kyau an yi shi ne ya jure kimanin digiri 125. Robar da ake yin tankin mai da ita a motocin zamani tana narkewa a wajen digiri 130, kuma tana yin laushi tun kafin nan. Bututun mai na nailan yana narkewa a ƙasa da digiri 200. Rigar wayar lantarki ta gama-gari ba ta son abin da ya wuce digiri 100. A watan Afrilu kuwa, a garuruwa irin su Sakkwato, Nguru da Maiduguri, iskar gari kanta takan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Saboda haka motar da ke aiki a nan tana fara tafiya ne da ragowar juriya ƙasa da wadda take da ita a ƙasar da aka ƙera ta.

Zafi yana isa ga mai ta hanya uku: ta taɓawa, idan tiyo ya jingina da salansa ko aka ɗaura su a ƙarfe ɗaya; ta iska mai zafi da ke tashi sama daga bututu; da kuma ta hucin da ƙarfe mai zafi yake watsawa kai tsaye, irin wanda mutum yake ji a fuskarsa idan ya tsaya gaban maƙera ko da ba ya kusa da wuta. Wannan na ukun shi ne ya fi yaudara, domin ba ya ƙaruwa daidai da daidai. Bututun da zafinsa ya tashi daga digiri 300 zuwa 600, hucin da yake watsawa yakan ninka fiye da sau biyar. Shi ya sa motar da ta yi wata shida tana zirga-zirga lafiya tsakanin ƙauye da kasuwa take iya kamawa ranar da aka cika ta da lodi aka sa ta a Hawan Kibo da giya ɗaya. Amma hucin nan yana da rauni ɗaya, kamar hasken rana yake tafiya, a miƙe. Abin da ya shiga inuwa ya tsira daga gare shi.

Fetur da dizal ba halinsu ɗaya ba

Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa tun yana ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifili, wato babu wani yanayi a ƙasar nan da fetur ba ya cikin shirin kamawa. Tururinsa ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama, yakan kwanta a ƙasa ya bi rami da kwata har ya tarar da tartsatsi. Wasu sassansa suna fara tafasa tun a wajen digiri 35 zuwa 40. Idan bututun fetur ya yi zafi, man yakan tafasa a ciki, famfo ya riƙa jan tururi maimakon mai, mota ta yi ta shaƙewa har ta mutu. Tsofaffin motoci masu kafireta, waɗanda famfonsu yake jikin inji, sun fi fama da wannan. Direbobi sun san maganinsa na gaggawa, a jiƙa tsumma a ɗora wa famfo ko a kwara masa ruwa. Maganin yana aiki, sai dai duk motar da take buƙatarsa a kai a kai tana faɗa wa mai ita ne cewa hanyar manta tana dahuwa.

Man dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, ba ya fitar da irin wannan tururi sai ya kai wajen digiri 55, kuma wannan ne ya sa ake yi masa kallon mai marar haɗari. A nan akwai kuskure. Na farko, tankin da ke kusa da salansa a cikin bazara yana iya kaiwa wannan zafi, musamman da yake injin dizal yana mayar da ragowar mai mai zafi cikin tanki. Na biyu, dizal ɗin da aka gauraya da kananzir ko fetur, kamar yadda wasu masu sayarwa a bakin hanya suke yi, yakan fara tururi tun bai kai nan ba. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci ga maganar salansa, idan fetur ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi sau da yawa yakan tururare nan take ya gudu, amma dizal da baƙin mai da man birki sukan tsaya a wurin suna dahuwa har su kama da kansu ba tare da tartsatsi ba. Idan kuwa bututun nozul ne ya tsage, man yakan fito da ƙarfi kamar feshin maganin ƙwari, kuma irin wannan feshi yana kamawa da zarar ya sauka a kan manifol ko turbo.

Ko da ba a kai ga gobara ba, dizal mai zafi yakan tsinke, mota ta rasa ƙarfi a hawa. Famfunan injinan zamani kuwa da man kansa suke samun santsi, don haka tsinkakken mai yana cinye su da wuri, kuma duk mai mota ya san kuɗin famfo da nozul.

Tazara

Kariya mafi arha ita ce nisa. Mafi kyau shi ne a bar salansa a gefe ɗaya, hanyar mai a ɗaya gefen, a kuma bi da bututun mai ta cikin kwarin ƙarfen shasi domin ƙarfen ya zame masa inuwa. Inda dole su haɗu, su gitta juna sau ɗaya a wuri mafi nisa daga inji, kada su jera tare, kuma kada mahaɗar tiyo ko filta ta faɗo a daidai wurin gittawar.

Akwai ma'auni da za a iya riƙewa. Littafin ƙa'idojin da kamfanin Mercedes-Benz yake bai wa masu gina bodi ya nemi a bar santimita 20 tsakanin salansa da bututun roba, wayoyin lantarki da safayar taya idan babu kariya a tsakani. Santimita 8 idan akwai faifan ƙarfe. Santimita 4 idan faifan yana da ƙarin abin hana zafi. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta ɗaukar kaya masu haɗari a kan hanya, wadda ake kira ADR, wadda Nijeriya ta shiga a shekarar 2018, ta ce ɓangaren salansar da ya bi ta ƙarƙashin tankin dizal ya kasance da tazarar akalla santimita 10, ko kuwa a sa masa kariya. Santimita 20 kusan taƙin hannun babban mutum ne, don haka ko babu abin awo ana iya gwadawa. A ganinmu, a yanayi irin namu, gara a riƙe babban alƙalamin a bar ƙaramin.

Sai dai a lura, tazarar da aka auna mota tana tsaye babu kaya ba ita ce ta gaskiya ba. Inji yana karkata a kan kujerunsa idan ya ja kaya, salansa ta bi shi. Sifirin yana kwanciya idan aka yi lodi, bodi ya sauko. Bututun salansa kansa yana miƙewa da zafi: mai tsawon mita 3 yakan ƙaru da kimanin santimita ɗaya da rabi idan zafinsa ya ƙaru da digiri 400. Robar da take rataye salansa kuma takan tsinke a hanyar karkara, a ɗaure da waya ko tsohon tiyub, salansa ta koma wani wuri dabam da inda aka aje ta. Saboda haka a yi awo da lodi a kan mota, a kuma girgiza salansar da hannu, tana sanyi, a ga iyakar inda take kaiwa.

Yadda ake yin garkuwar zafi

Inda wuri ya yi ƙunci sai a sa garkuwa, wato faifan ƙarfe tsakanin salansa da abin da ake son karewa. Aikin ba shi da tsada, amma an fi yin kuskure a cikinsa fiye da ko'ina. Asirin garkuwa shi ne iskar da ke gefenta biyu. Faifan da aka manna a jikin salansa zai yi zafi kamar salansar, wanda aka manna a jikin tanki kuma zai miƙa wa tankin zafin da ya ɗauka. Dole a bar sarari na kimanin santimita 2 a kowane gefe, a bar bakinta a buɗe gaba da baya domin iska ta wuce. Faifai biyu sirara da iska a tsakaninsu sun fi faifai ɗaya mai kauri aiki.

Faifan gorar ruwa, wato alminiyom, ya dace da wuraren da ke nesa da inji, domin fuskarsa mai ƙyalli tana mayar da huci inda ya fito. Amma yana narkewa a digiri 660, kuma yana rasa ƙarfinsa tun kafin nan, saboda haka kusa da manifol da turbo sai a yi amfani da farin ƙarfe marar tsatsa. Kwanon rufi shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi a gareji, sai dai tutiyar da aka shafa masa tana narkewa a wajen digiri 420, hayaƙinta wajen walda yana sa zazzaɓi, kuma kwanon yakan tsage a ramin kusa saboda girgiza. Kada a yi wa garkuwa baƙin fenti, kuma a riƙa wanke ta, domin faifan da laka da baƙin mai suka rufe ya daina mayar da huci. A ɗaura ta da noti a jikin shasi ko da maɗauri a jikin bututun salansa, ba da waya ba, kuma kada a ɗaura ta a jikin tiyo.

Akwai abin da ya shafi mutanen karkara musamman. Garkuwar da aka lanƙwasa kamar tire, bakinta yana kallon sama, takan zama ma'ajiyar ƙaiƙayi, karmami, ɓawon gyaɗa da auduga. Waɗannan sukan jiƙe da man da ke ɗiga, su bushe a kan zafi, su zama abin hura wuta da aka aje a daidai inda bai kamata ba. A karkata faifan yadda komai zai zame ya faɗi, a huda ramuka a ƙasansa, kuma a lokacin kaka a riƙa share shi kullum. Haka nan daɓen katako na bodi: idan salansa ta bi ta ƙarƙashinsa kurkusa, katakon yakan bushe ya yi baƙi a hankali har ya zama gawayi, kuma gawayi ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya kama. Shi ma yana buƙatar garkuwa.

Wasu suna naɗe salansa da ƙyallen hana zafi da ake sayarwa a kasuwa. Yana rage huci, babu shakka. Amma yana riƙe ruwa da damina ya sa bututu ya ruɓe, yana ɓoye tsagewa, kuma idan mai ya jiƙa shi ya zama lagwani. Wanda ya jiƙe da mai ba a wanke shi, cirewa ake yi. Tsohuwar igiyar asbestos kuwa a guje ta baki ɗaya, domin ƙurarta tana haddasa cutar huhu da sankara bayan shekaru. Idan tiyo ne ake son karewa, akwai rigar hana zafi mai ƙyalli da ake zura shi a ciki, kuma tana taimakawa, amma ƙari ce a kan tazara da garkuwa.

Tiyo, bututu da mahaɗa

Doguwar hanyar mai a yi ta da bututun ƙarfe, a ɗaure shi a jikin shasi da maɗauri mai roba a ciki kowane rabin mita ko ƙasa da haka. Tiyon roba a bar shi ga gajerun wurare inda ake buƙatar lanƙwasa, kamar tsakanin shasi da inji. Bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firji yana da sauƙin lanƙwasawa, shi ya sa ake son sa, amma girgiza tana busar da shi ya tsage a wuya. Tiyon ruwa da farin tiyon nan da ake ganin mai a cikinsa ba na mota ba ne, fetur yana cin su, zafi kuma yana busar da su. Tiyon mai na gaskiya yana da rubutu a jikinsa. Wanda aka rubuta wa SAE J30R7 na injin kafireta ne da hanyoyin da ba su da matsi sosai, J30R9 kuma na injin injekta ne, inda famfo yake tura fetur da matsin da ya ninka na kafireta sau da yawa. Wanda ya sa na farko a wurin na biyu ya sayi fashewa da kuɗinsa.

Tambaya ɗaya ta isa ta shiryar da mai aiki a kowace mahaɗa, kowace filta da kowane famfo: idan mai ya ɗiga daga nan, a ina zai sauka? Kowace mahaɗa za ta yi yoyo wata rana. Idan amsar ita ce ƙasa, to an yi daidai. Idan amsar ita ce salansa, batir ko sitata, a matsar da mahaɗar tun yau. Wannan tambaya ta shafi bututun birki ma. Man birki yana shan danshi da tsufa, kuma wanda ya tsufa yana iya tafasa a digiri 140 zuwa 155, birki ya tafi ƙasa a gangara. Bututun iskar birki na manyan motoci kuwa na roba ne, zafi yana huda shi.

Tanki na biyu

Masu doguwar tafiya, irin masu ɗaukar hatsi daga Dawanau ko shanu daga Potiskum da Maigatari zuwa kudu, suna da hujjar ƙara tanki, domin su sayi mai inda ya fi sauƙi. Matsalar ita ce wurin da ya rage babu komai a jikin shasi sau da yawa shi ne gefen salansa, kuma kamfani da gangan ya bar shi. Idan babu makawa sai nan, a fara sauya wa salansa hanya, ko a miƙar da ita sama a bayan kan mota tare da ragar kariya, kafin a rataye tankin. Bakin salansa kada ya huro a kan tanki, taya ko tiyo, kada kuma ya ƙare a ƙarƙashin bodi, domin bayan zafi akwai gubar hayaƙi da take taruwa a ƙarƙashin tamfol inda mutane da dabbobi suke. Dokar manyan motoci ta Amurka ta hana salansa ta fitar da hayaƙi daidai ƙarƙashin tanki ko bakin zuba mai, ta kuma nemi a tsara bakin tanki yadda man da ya zube wajen cikawa ba zai taɓa salansa ko kayan lantarki ba. Ƙa'ida ce da hankali zai karɓa a ko'ina.

Mai yana kumbura da zafi. Fetur lita 200 da aka zuba da sanyin asuba, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 20, zai ƙaru da kusan lita 4. Idan an cika tanki har wuya, wannan ƙari zai fita ta murfi ko ta bututun numfashi. Don haka ne ake barin kimanin kashi 5 cikin 100 na tanki babu mai, kuma ake kai bakin bututun numfashi nesa da salansa. Murfin da ya ɓata a saya wani, tsumma da leda ba murfi ba ne. Ɗora jarka a kan mota ko a gefen direba a ja tiyo zuwa kafireta dabara ce ta fitar da mota daga daji zuwa gareji mafi kusa, bai kamata ta kwana biyu a jikin mota ba. Game da walda a jikin tanki kuwa, wanda babu mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi, kuma ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da su.

Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motoci da yawa sun koma amfani da iskar gas ta CNG. Tukunyarta tana ɗauke da matsi mai tsanani, kuma tana da wani toshe na kariya da aka yi shi ya buɗe ya saki iskar idan zafi ya kai wajen digiri 110. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 110 ta hana a sa wani ɓangare na kayan CNG a ƙasa da santimita 10 daga salansa sai da garkuwa. Wannan aiki na cibiyoyin da aka amince da su ne, kuma tukunyar da aka haɗa da walda a gareji ba ta da wuri a jikin mota.

Gwaji kafin karɓar mota

Ana kira ga shugabannin sassan ayyuka na ƙananan hukumomi, da duk jami'in da zai sa hannu a takardar karɓar mota, da su sa maganar tazara, garkuwa da irin tiyo a cikin takardar kwangila tun farko, kuma kada a biya kason ƙarshe sai an shiga ƙarƙashin motar an gani da ido. Jami'an duba lafiyar motoci na VIO, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa a tashoshi, suna iya yin irin wannan dubawa ga motocin haya. Dagatai da masu unguwanni kuma suna da bakin magana a kan motocin da ƙungiyoyin manoma suke saye da kuɗin taro.

Gwajin ba shi da wuya. A yi wa motar cikakken lodi, a yi tafiyar akalla rabin sa'a da rana, a haɗa da hawa idan akwai. A tsaya a kashe inji, a jira minti 10 zuwa 15. Wannan jira yana da dalili: idan mota ta tsaya iska takan daina ratsawa, fanka ta tsaya, zafin da ya taru a manifol da salansa ya bazu zuwa abin da ke kewaye, shi ya sa motoci da dama suke kamawa bayan an faka su direba ya tafi cin abinci. Sa'an nan a auna zafin tiyo da bangon tanki na gefen salansa. Akwai ƙaramar na'urar auna zafi daga nesa, mai kama da bindigar wasan yara, wadda ba ta fi ƙarfin kowane sashen ayyuka ba, sai dai takan nuna ƙasa da gaskiya a kan ƙarfe mai ƙyalli, don haka a auna a kan roba ko fenti. Idan babu ita, a taɓa tankin da bayan hannu, ana nesa da salansa. Ƙarfen da hannu ba zai iya zama a kansa na 'yan daƙiƙoƙi ba ya kai wajen digiri 60, kuma wannan ya yi wa tankin mai yawa.

Bayan an fara aiki da mota, alamomin da za a riƙa nema su ne tiyon da ya bushe ko ya tsattsage ta gefe ɗaya kawai, fentin tanki da ya kumbura ko ya canja launi, rigar waya da ta yi ƙyalli ko ta narke, warin mai bayan an tsaya, da baƙin tabon hayaƙi a mahaɗar salansa. Wannan tabo yana nuna inda hayaƙi mai zafi yake tsartuwa, kuma ƙaramin rami da ke hura wa tiyo kai tsaye ya fi dukkan bututun ɓarna. Motocin da ake shigowa da su yanzu suna zuwa da tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa. Ta fetur tana aiki ne a digiri 400 zuwa 800, ta dizal kuma da kanta takan ƙona baƙin hayaƙin da ya taru a cikinta lokaci lokaci a wajen digiri 600. Irin waɗannan motoci kada a faka su a kan busasshiyar ciyawa, harawa ko tarin kara a masussuka.

Idan duk da haka wuta ta tashi, direba ya kashe inji, ya fitar da mutane su yi nisa ta gefen da iska take fitowa, kada a wangale bonet domin iska tana ƙara mata ƙarfi. A yi amfani da abin kashe gobara mai hoda ta ɗan buɗin da aka samu ko ta ƙasa, ko kuwa yashi. Ruwa yana ɗaukar fetur mai ci ya yaɗa shi. Abin kashe gobarar a rataye shi inda hannu zai kai a cikin kan mota, a riƙa duba allurarsa da ranar ƙarewarsa, kuma yaron mota ma ya san yadda ake zare fil ɗinsa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya kuma 122.